AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Yaya Ake Haɗa Rediyo da Waya da Kwamfuta a Sifika Ɗaya?

Wannan shi ne filinmu na amsa tambayoyinku, wanda muke bugawa a nan domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa, ko kuwa batir ya ƙare masa ana tsakiyar bayani. A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa wuri ɗaya, don kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

TAMBAYA TA FARKO ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Gaya, wanda ya ce yana da shagon sayar da taki da iri da maganin feshi. Ya ce ɗansa da ke karatu a Kano ya kawo kwamfuta tare da ƙananan sifikoki guda biyu masu daɗin murya, shi kuma yana son rediyonsa na jin labarai, da wayarsa ta hannu mai karatun Alƙur'ani a memori, da ita kwamfutar, duk su riƙa fita ta waɗannan sifikoki ba sai ana cire wannan ana sa wancan ba. Yaron shagonsa ya feƙe wayoyin guda uku, ya murɗe su wuri ɗaya, ya naɗe da salatif. Sai murya ta ragu, tana shaƙewa, rediyon kuma ya ɗauki zafi. Yana tambaya, shin sifikar ce jabu, ko kuwa da abin da ba su yi daidai ba?

TAMBAYA TA BIYU kuwa daga wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Ajingi. Mai tambayar yana cikin kwamitin masallaci. Ya ce da azumi suna son jama'a su ji tafsirin da ake sawa a rediyo ta lasifikar masallaci, amma sai sun kara makirfon ladan a bakin rediyon, kuma sau da yawa sai lasifikar ta ɓarke da kuka har yara su toshe kunne. Yana neman mafita.

AMSA

To, Malam na Gaya, da farko dai kafin ka ƙarasa karanta wannan bayani, ka sa yaron nan ya warware wannan ƙulli da ya yi. Sifikarka lafiyarta ƙalau. Haɗin ne ba daidai ba, kuma idan aka bar shi a haka, wata rana rediyon ko wayar ɗaya zai yi shiru, ka koma neman mai gyara.

Ga dalili. Duk wata na'urar sauti tana da ƙofa iri biyu, watau mafita da mashiga. Ramin da kake sa iyafis a jikin waya ko rediyo mafita ce, ta nan sauti ke fitowa. Wayar da ke shiga cikin sifikar kwamfuta kuwa mashiga ce. Aikin mafita ta tura, aikin mashiga ta karɓa. Kai manomi ka san injin ban-ruwa. Idan kana da inji ɗaya, ka raba ruwansa zuwa fangali biyu ko uku, babu matsala, kowanne zai samu. Amma ka ɗauko inji biyu ka haɗa bakunansu a tiyo ɗaya ba tare da wata dabara ba, me zai faru? Wanda ya fi ƙarfi zai riƙa tura ruwa cikin ɗan'uwansa, su duka biyun su wahala, ruwan da zai isa gona kuma ya ragu. To, abin da ya faru a shagonka ke nan. Rediyo yana tura wuta cikin waya, waya tana turawa cikin kwamfuta, ita kuwa sifikar sai abin da ya rage take samu.

Masana lantarki suna auna yadda hanya ke tare wuta da wani ma'auni da ake kira om, wanda aka sa wa sunan wani Bajamushe, Georg Ohm, da ya bayyana ƙa'idar abin a shekarar 1827. Mashigar sifikar kwamfuta takan kai om 10,000 ko fiye, watau matsattsiyar hanya ce, wuta kaɗan take sha. Mafitar iyafis kuwa sau da yawa ba ta wuce om ƙalilan ba, watau ƙofa ce a buɗe. Alal misali, idan bolt ɗaya ya tarar da om 10,000, sa'an nan ya tarar da om 10, wutar da za ta bi ta hanya ta biyun ta ninka ta farkon sau 1,000. Wannan wuta da ta yi yawa ita ce zafin da ka ji a jikin rediyonka, ita ce kuma ta shaƙe muryar. Wasu na'urorin akan yi musu kariya a ciki, shi ya sa ba lalle su ƙone nan take ba, amma yau da gobe sai Allah.

Saboda haka ku riƙe wannan: raba mafita ɗaya zuwa wurare biyu abu ne mai sauƙi. Tsofaffin Kano sun san rediyo mai waya na shekarun 1940, inda tasha ɗaya ke tura shiri ta waya zuwa akwatuna masu yawa a cikin gari. Haɗa mafita biyu zuwa wuri ɗaya shi ne ke bukatar dabara. Wannan waya mai kai biyu da ake sayarwa a kasuwa, wadda mutum biyu ke jin waƙa da ita a waya ɗaya, an yi ta ne don rabawa. Kada mai shago ya ce maka ai juya ta kawai za ka yi ta zama ta haɗawa.

Ƙarfin sauti hawa uku ne

Kafin mu zo ga hanyoyin, akwai abu ɗaya da ya kamata kowa ya sani, don shi ne ya fi ƙona kaya. Sautin da ke bin waya hawa uku ne.

Na farko na makirfo. Shi ne mafi rauni, ɗan kaso ne ƙanƙane cikin dubu na bolt ɗaya.

Na biyu shi ne wanda ke fitowa ta ramin iyafis, ko ta ramukan nan ja da fari na bayan talabijin da dikoda. Wannan yakan kama daga sulusin bolt zuwa bolt ɗaya ko biyu. Shi ne abincin sifikar kwamfuta, kuma shi ne ake sawa a ramin da aka rubuta wa AUX ko LINE IN.

Na uku shi ne wanda ke fitowa daga bayan amfilifaya zuwa babbar sifika. Amfilifaya mai wat 50 da ke tura sifika mai om 8 tana fitar da bolt 20 idan an ƙure ta.

Ita sifikar kwamfuta da 'yar amfilifayarta a ciki, shi ya sa ake jona ta da wuta. To, idan ka ɗebo sauti daga wayoyin sifikar rakoda ko na rediyon mota ka cusa mata, ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Har ila yau, yawancin rediyon mota an yi su ne ta yadda duka wayoyin sifikarsu biyu na ɗauke da wuta, da zarar ɗaya ta taɓa jikin wata na'ura sai abin ya ƙone. Don haka a ɗauki sauti daga ramin iyafis ko daga ja da fari kawai.

Hanyoyi huɗu

Hanya ta farko, akwatin zaɓi. Ka tambayi kanka tukuna, shin da gaske kana son jin rediyo da karatu a lokaci guda? Yawancin mutane ba haka suke so ba, gajiya suka yi da cirewa da sawa, wanda ke sa rami ya saki. Idan haka ne, ka nemi ɗan akwatin nan da masu talabijin ke amfani da shi wajen haɗa dikoda da bidiyo, mai mashiga uku ko huɗu da mafita ɗaya, da maɓallai a gaba. Ba ya cin wuta ko kaɗan. Ja da fari su ne na sauti, ruwan ɗorawa na hoto ne, ka bar shi a haka. Kowace na'ura ka saya mata waya mai fin ɗin iyafis a kai ɗaya, ja da fari a ɗaya kan. Sifikar kuma a jona ta a mafitar akwatin da ɗan mahaɗin da ya dace. Ka danna ɗaya labarai, ka danna biyu karatu. Na'urorin ba sa haɗuwa da juna, don haka babu mai cutar wani. Ga mai shago irinka, wannan muka fi ba da shawara, don ita ce mafi arha kuma mafi kwanciyar hankali.

Hanya ta biyu, haɗi da resista. Idan kuwa lalle kana son duka su fito tare, alal misali kana jin rediyo amma kana son ka ji ƙarar shigowar saƙo a kwamfuta, to mai gyaran rediyo zai iya haɗa maka ɗan akwati. Resista wata 'yar aba ce kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zanen launi, aikinta matse hanyar wuta. Ga abin da za ka gaya masa: kowace na'ura tana da wayar dama, da ta hagu, da ta ƙasa. Kowace wayar dama a sa mata resista tata, sa'an nan a haɗa ƙarshen resistocin su tafi dama ta sifika. Haka za a yi wa na hagu. Na ƙasa kuwa a haɗe su kai tsaye. Na'ura uku ke nan resista shida. Girmansu ya kama daga om 1,000 zuwa 4,700, kuma su zama iri ɗaya. Mai om 1,000 zanenta ruwan ƙasa ne, da baƙi, da ja. Da wannan, kowace na'ura idan ta tura sai ta tarar da matsattsiyar hanya tsakaninta da 'yar'uwarta, babu sauran kokawa.

Amma fa akwai ladan da za ka biya. Idan na'ura biyu ne, ƙarfin kowacce zai ragu zuwa kamar rabi. Idan uku ne, zuwa kamar sulusi. Sai ka ɗan ƙara murya a jikin sifikar. A yi haɗin da dalma, a rufe shi cikin gwangwani ko akwatin roba, kada a bar shi da murɗi da salatif. Wannan aiki bai fi ƙarfin masu gyaran rediyo na Gaya ko Wudil ba. Ai garin da tarihin baka ya ce maƙeransa ne, Abagayawa, suka je dutsen Dala neman tama tun kafin a san Kano, ba a rasa mai hannu a cikinsa ba.

Hanya ta uku, mikisa. Ita ce na'urar da masu sautin biki da gidajen rediyo ke amfani da ita. Tana da mashiga da yawa, kowacce da abin murɗa muryarta, ga kuma babban mamurɗi na duka. Tana haɗa sauti ba tare da ya ragu ba, kuma tana karɓar makirfo. Akwai ƙanana masu layi huɗu, wasu ma da cajar waya suke aiki. Ana samun irin waɗannan kaya a wajen masu kayan lantarki na Sabon Gari da titin Beirut a Kano. Idan za ka saya, ka tafi da wayarka da rediyonka a gwada a gabanka, ka murɗa kowane layi ka ji ko yana ƙarce. Ka kuma duba wutar da take ci, don idan ta NEPA kaɗai take karɓa kai kuwa sola gare ka, ka sayo wa kanka aiki.

Hanya ta huɗu, ta cikin kwamfutar kanta. Kwamfutar tebur tana da ramuka uku a baya. Kore shi ne mafita zuwa sifika, shuɗi mashiga ce ta rediyo ko waya, mai ruwan hoda na makirfo ne. Idan aka sa rediyo a shuɗin, ɗanka zai iya saita ta yadda muryar za ta bi ta fita ta koren. Illar ita ce sai kwamfutar na kunne za ka ji labarai, ga cin wuta. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuma yawanci rami ɗaya gare ta, wannan dabara ba ta yi da ita.

Wani abu kuma, Malam. Ka duba fin ɗin wayar da ka saya, ka ƙirga baƙaƙen zoben da ke jikinsa. Zobe ɗaya na murya ɗaya ne, biyu na dama da hagu, uku kuwa har da makirfo. Ƙananan rediyo da yawa murya ɗaya suke fitarwa, sai ka ji sifika ɗaya ce ke magana. Ba lalacewa ta yi ba. Ka nemi ɗan mahaɗin da ke raba murya ɗaya zuwa biyu. Idan kuma wayarka irin sababbin nan ce marasa ramin iyafis, akwai ɗan guntun mahaɗi da ake sawa a ramin caji.

Ga mutanen masallaci a Ajingi

Ku kuma, Malam, abin da kuke nema yana hannunku tuntuni. Ku juya amfilifayar masallacinku ku duba. Yawancin irin waɗannan, kamar ƙirar Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan, suna da ramin MIC guda biyu ko fiye, da kuma AUX, kowanne da mamurɗinsa. Watau da mikisarta a ciki. Makirfon ladan ya zauna a MIC ɗinsa. Rediyo kuma a ɗauko shi daga ramin iyafis a kai AUX. Kada ku sa rediyo a ramin MIC, don wannan rami an yi shi ne domin sauti mai rauni, idan aka ba shi na rediyo sai murya ta farfashe har ba a gane abin da malam ke faɗa. Ku sa muryar rediyon a kamar rabi, sa'an nan ku daidaita da mamurɗin AUX. Lokacin salla ya yi, a mayar da AUX sifili, ladan ya kira salla, babu abin da aka cire.

Kukan da kuke ji kuwa, makirfo ne ke jin muryar lasifika, ya mayar wa amfilifaya, ita ta ƙara mata ƙarfi ta sake fitarwa, ya sake ji, haka abin ke zagayawa har ya zama ƙara. Maganinsa a rage muryar makirfo duk lokacin da ba a magana da shi, kuma kada lasifika ta fuskanci inda makirfo yake. Wannan kuka ba kunne kaɗai yake cutarwa ba, yana iya ƙona lasifikar.

Idan za ku ƙara lasifika a kan hasumiya, ku duba om ɗin da aka rubuta a jikinta. Biyu masu om 16 idan aka jona su kai da kai sun koma om 8. Biyu masu om 8 sun koma 4. Sai a ɗaura su a kan ƙusar da ke da wannan lamba a bayan amfilifaya, tare da wadda aka rubuta wa COM. Ƙusar da aka rubuta wa 100V kuwa ta lasifikoki masu taransifoma ce kawai, kuma tana ja, kada yaro ya taɓa ta.

Ga wani gargaɗi da ya shafe ku duka biyu. Idan waya ce aka jona, duk abin da ya shigo mata ta sifikar zai fita. Kira ya shigo ka ɗaga, sai muryar mai kiranka ta fita, ko dillalinka ne yana faɗin farashin da ka saro taki, ko mai bin ka bashi, ko maganar cikin gida. A masallaci kuwa gari gaba ɗaya ne zai ji. Ku sa wayar a tsarin jirgin sama kafin ku jona ta, ko ku ware tsohuwar waya marar layi domin wannan aiki. Hakan kuma yana maganin wannan ƙara ta tit-tit-tit da sifika ke yi gab da shigowar kira.

Gunji da maganar wuta

Wani lokaci za ku yi haɗi daidai amma ku ji sifika na gunji ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma. Wutar Nijeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma ita ce kuke ji ta kutso cikin sauti. Ku jona duk na'urorin a soket ɗaya mai baki da yawa. Ku cire cajar waya ku ji ko ya daina, don caja mai arha ita ce babbar mai laifi. Wayar sauti ta zama gajera, mai rigar ƙarfe a ciki, kuma kada ta kwanta tare da wayar wuta. Idan wani ya ce a karya ƙafa ta uku ta filogi gunjin zai tafi, kada ku yarda. Wannan ƙafa ita ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa idan na'ura ta lalace, rai ya fi gunji.

Masu kama tashoshin gajeren zango da matsakaicin zango kuma su sani, kwamfuta da inbata da caja da wasu ƙwayayen fitila na zamani suna watsa hayaniyar da rediyo ke kamawa. A nisanta rediyon da su, a bar shi a kan batirinsa.

Sa'an nan ku karanta rubutun da ke bayan sifikar kafin ku ba ta wuta. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka wasunsu na bolt 120 ne, ana jonawa sai hayaƙi. Sifika mai wayar USB kuwa bolt 5 take ci, batirin sola da na mota 12 ne, sai an bi ta cajar mota. Idan da inji kuke aiki, ku bari ya daidaita kafin ku kunna kaya. Sifika ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa, kuma a rage murya kafin a sa ko a cire wata waya. Da damina idan hadari ya haɗo ana walƙiya, a cire wayar eriya da ta dish, a cire filogi daga bango.

A taƙaice dai, Malam na Gaya, ka warware ƙullin nan yau, ka sayi akwatin zaɓi, ko ka kai wa mai gyara ya haɗa maka da resista shida. Ku kuma na Ajingi, waya ɗaya ce kawai ta rage muku, daga ramin iyafis zuwa AUX. Kuma a tuna da haƙƙin maƙwabci wajen murɗa murya, akwai marar lafiya, akwai mai jego, akwai wanda ya kwana a gona.

Da fatan mun gamsar da ku. Wanda ya gwada ya ci karo da wata matsala, ya rubuto mana, ya faɗi irin na'urar da abin da aka rubuta a bayanta, don mu san ta inda za mu ɓullo. Allah ya ba da kasuwa, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.